An Yi Wa Tubabbu Magani, Saura Waɗanda Suka Tare Su

A Malam Sidi, cikin ƙaramar hukumar Kwami ta jihar Gombe, akwai sansanin da gwamnatin tarayya ke tara tubabbun 'yan Boko Haram a ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016. Wanda aka kai can yakan yi watanni. Malamai su zauna da shi su warware masa muguwar aƙidar da aka cusa masa, a koya masa ɗinki ko kafinta ko walda ko aski, a raba shi da ƙwaya idan yana sha. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika ambata ba. Masana halayyar ɗan Adam suna zama da shi, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci cikin rukuni, su saurari abin da ya gani da abin da hannunsa ya aikata, su taimaka masa har ya iya runtsawa da dare.

Duk ranar da aka yaye wani rukuni aka nuna su suna rantsuwar biyayya ga ƙasa, sai ran mutane ya ɓaci, kuma ina ganin dalilinsu. Matar da aka yi wa mijinta yankan rago a gonar shinkafa ta Koshebe, kusa da Zabarmari, a watan Nuwamba na 2020, wa zai ce mata kada ta ji zafi? Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe sansanin. Mutumin da ya fito daga daji kansa a birkice, idan aka sake shi haka nan, kanmu zai dawo. Abin da nake gani a Malam Sidi shi ne shaida. Gwamnati ta san yaƙi na lalata tunanin mutum, ta kuma san ana iya gyara shi, har ta ware kuɗi da ma'aikata don haka. To tunda ta sani, ina rabon sojan da ya yi shekaru a rami yana tare waɗannan mutane? Ina rabon ɗan kato da gora? Ina rabon yarinyar da suka tsare a Sambisa ta dawo da goyo?

Akwai wani tsohon soja a unguwarmu da ya yi aiki a Arewa maso Gabas. Idan ya zo majalisa ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa na kan titi. Salansar babur ta yi ƙara, za ka ga kafaɗarsa ta zabura kafin ya kama kansa, sai ya yi shiru, hirar ta fita daga ransa. Ranar Babbar Sallah da ake babbaka kawunan raguna ba ya fitowa, ƙaurin ne ba ya iya jurewa, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake tuna masa. Matarsa ta koma kwana a ɗakin yara tun daren da ya shaƙe ta cikin barci, ya farka yana kuka yana ba ta haƙuri. A bayan idonsa wasu na cewa wiwi ce, wasu na cewa alhakin jini ne, wasu na cewa an yi masa jifa. Mutumin nan yana sallah a sahun farko, kuma ciwon da ke damunsa sananne ne a wurin likitoci.

Suna kiransa PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya tsallake wani mummunan tashin hankali. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi cikin jerin cututtukan da suka amince da su, bayan tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam sun yi ta matsa lamba. Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A filin daga jiki na koyon zama cikin shiri dare da rana, domin wanda ya yi sakaci gawarsa ake ɗauka. Wasu idan sun dawo gida jikinsu ya saki. Wasu kuwa ya ƙi saki. Abin da ya faru ya riƙa dawo musu a mafarki da ido biyu kamar yanzu yake faruwa, su riƙa gudun duk abin da zai tuna musu da shi, barci ya ƙaurace, fushi ya zo kusa, sannan a ji zuciya ta bushe har mutum ya kasa jin daɗin ɗansa da ya rugo ya tare shi. Da yawa sai su nemi sauƙi a tiramadol ko kodin ko giya, ciwo ɗaya ya zama biyu.

Abin da ke ƙara tsananta shi a wurin soja shi ne daɗewa a bakin daga ba canji. Ba mu manta da abin da ya faru a filin jirgin saman Maiduguri a watan Agusta na 2018 ba, lokacin da sojoji suka yi ta harbi sama suna ƙin a kai su Marte, suna cewa sun yi shekaru a fagen yaƙi ba a sauya su ba. Kafin nan, a watan Mayu na 2014, sojoji a barikin Maimalari sun buɗe wa motar babban kwamandansu wuta bayan sun ga gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. A Malam Fatori, a watan Fabrairu na 2020, wani kofur ya harbe abokan aikinsa huɗu sannan ya kashe kansa. A Rabah ta jihar Sakkwato, a watan Maris na 2023, wani ya harbe uku, har da kwamandansa, shi ma ya juya bindigar kansa. Ba kowane irin wannan lamari za a jingina wa ciwon firgici ba, kuma rundunar da babu ladabi a cikinta ba runduna ba ce. Amma idan abu ya yi ta maimaituwa, kotun soja kaɗai ba za ta wadatar ba. Ingila ta harbe sojojinta 306 a Yaƙin Duniya na Farko bisa laifuka irin su gudu daga daga da ragwanci, sai a 2006 ta yi musu afuwa, bayan an daɗe da gane cewa wasunsu marasa lafiya ne. Ba na fatan mu ma sai jikokinmu ne za su zo su gane haka.

Me ya sa sojan ba ya zuwa asibiti da kansa? Domin ya san abin da zai biyo baya. A bariki labari ba ya ɓuya. Da zarar an ji ya ga likitan ƙwaƙwalwa, tsoronsa shi ne a karɓe bindigarsa, a tsallake shi wajen ƙarin girma, abokansa su riƙa kallonsa a matsayin rago. A gida ma an rene shi da cewa namiji ba ya kuka. A garinmu kuwa, ka ce an kai wane asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa, ka gama da shi, har 'ya'yansa mata sai abin ya shafe su ranar da aka zo neman aure. Saboda haka sai ya haɗiye, matarsa da 'ya'yansa su ne ke kwana da abin da ya haɗiye.

Soja ma yana da lamba, yana da albashi, yana da asibitin 44 a Kaduna idan harsashi ya same shi. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan kato da gora. A 2013, lokacin da Maiduguri ta zama wurin da ba ka iya ambaton sunan Boko Haram da ƙarfi, samarin unguwanni ne suka fito da gora da adda, suka kafa shinge a bakin layuka, suka riƙa nuna 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, wasu ma abokan wasansu ne na yarinta. Su suka taimaka aka fatattaki 'yan ta'adda daga cikin birni. Maharba a Adamawa sun taka irin wannan rawa wajen ƙwato Mubi a ƙarshen 2014. An kashe da yawa daga cikinsu. Gwamnatin Borno na ba wasu alawus, an ɗauki wasu aikin soja, amma akasarinsu ba fansho, ba garatuti, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su yadda suke kwana. Wasu ma yara ne sa'ad da suka shiga. Bayan yarjejeniyar da ƙungiyar kato da gora ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, an sallami yara 833 a 2018, aka ƙara 894 a 2019. Waɗannan yaran yau magidanta ne, suna tuƙa Keke Napep, suna sayar da kaya a Kasuwar Monday, suna renon 'ya'ya da abin da idonsu ya gani suna 'yan shekara goma sha. Yanzu kuma Katsina da Zamfara sun kafa nasu askarawan, suna tura samari daji su fuskanci 'yan bindiga. Duk gwamnan da ya ba saurayi bindiga ya tura shi Rugu ko Dansadau, ya ɗauki nauyin abin da saurayin zai zama bayan ya dawo. Kada a ci moriyar ganga a yar da kwaurenta.

Sai waɗanda ba su ɗauki makami ba sam. Mun saba da yadda ake yi idan an sako ɗaliban da aka sace, daga Kankara zuwa Jangebe zuwa Kuriga: a kai su gidan gwamnati, a ba su sabbin kaya, a ɗauki hoto, likita ya duba zazzaɓi da ƙafafun da suka kumbura, a miƙa wa iyaye, shi ke nan. 'Yan matan Chibok da aka sako, saboda duniya ta san sunansu, sun sami kulawa har aka kai su jami'ar Amurka da ke Yola. Dubban matan Bama da Gwoza da Dikwa da babu wanda ya san sunansu sun dawo sun tarar ana kiransu matan Boko Haram, ana kiransu annoba, ana ƙyamar 'ya'yan da suka haifa a daji. A Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kuwa, mutum zai dawo daga hannun ɓarayin daji ya tarar an sayar da gona da shanu an biya kuɗin fansarsa, sai ya haɗa firgici da jin cewa shi ne ya talauta gidansu. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. A auna wannan da mutum sama da miliyan biyu da rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu, ban da na Diffa da ke tsallaken iyaka.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha ji: Musulmi ba ya buƙatar wannan, yana da haƙuri da tawakkali. Ni ma na yi imani da haƙuri, kuma na ga mutanen da addu'a ce kaɗai ta riƙe su da rai. Amma Annabi Yaƙub, wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne Alƙur'ani ya ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma Allah bai zarge shi da raunin imani ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. Idan yaro ya faɗo daga bishiya ya karye, muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi wurin maɗori, ba wanda ke ganin ɗayan ya ɓata ɗayan. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce wa mutum sai haƙuri don a rufe masa baki, a tashi a bar shi. Mafi muni kuma a sa masa mari. Abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa ya nuna inda iyalai ke kai nasu idan sun rasa wata ƙofar.

Malamai da fastoci su ne mutanen farko da mai damuwa ke zuwa wurinsu, kuma duk tsarin da ya tsallake su ba zai yi nisa ba. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana, ana kuma haɗa kai da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan asibiti da masu magani na addini da na gargajiya suka yi aiki tare. Limamin bariki da aka koya wa alamomin ciwon nan zai yi wa soja addu'a, sannan ya riƙe hannunsa ya kai shi wurin likita, kuma sojan zai fi yarda ya bi shi.

Maganin kansa ba wani abu ne mai ban tsoro ba, kuma galibinsa magana ce mai tsari. Akwai wata hanya da aka gwada da 'yan gudun hijirar Sudan a Uganda. Mai ba da shawara zai shimfiɗa igiya a ƙasa, ya ce wannan ita ce rayuwarka daga haihuwa zuwa yau. Mutumin zai ɗora fure a kan kowane lokacin farin ciki, ya ɗora dutse a kan kowane bala'i. Daga nan, zama bayan zama, su bi igiyar a hankali, su tsaya a kan kowane dutse, ya faɗi abin da ya faru dalla-dalla: wace rana ce, wa ke wurin, me ya ji a jikinsa. Yana zufa, yana rawar jiki, amma akwai wanda ke zaune da shi har abin ya lafa. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta mayar da abin inda ya dace, wato wani abu da ya faru a wata rana da ta wuce, ya daina faɗo masa a tsakar dare. Ragowar igiyar a naɗe ake barinta, alamar kwanakin da ke gaba. Wasu na buƙatar ƙwayoyin asibiti a haɗa musu, wasu na buƙatar kwanciya, amma da yawa zaman nan ne ke tashinsu.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa waje. Idan su za mu jira, mun daɗe. Zimbabuwe ta nuna wata hanya: Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa bisa tsari, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin na aiki. A Borno ma Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara cikin unguwanni da ƙauyuka a Keke Napep. Muna da ma'aikatan lafiya na matakin farko a kowace ƙaramar hukuma, muna da ungozoma, muna da malaman Islamiyya mata, muna da tsofaffin sojoji da ke zaune ba aiki. Amurka ta buɗe ƙananan cibiyoyi a cikin gari tun 1979, inda tsohon soja ke tarar da tsohon soja ɗan uwansa a matsayin mai saurare, domin an lura ba sa son shiga manyan asibitocin gwamnati. Na yi murna da Najeriya ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni a 2023, na kuma ji daɗin maganar gina babbar cibiya a Abuja. Sai dai kofur ɗin da ya yi ritaya ya koma Biu ko Zuru ko Azare ba shi da kuɗin motar Abuja duk mako. A kawo masa kusa, a cikin harshen da yake mafarki da shi, ko Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ko Babur.

Akwai masu cewa sojoji ma sun zalunci mutane, su ambaci barikin Giwa na Maiduguri, su ambaci Zariya a 2015. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi laifi a hukunta shi, magani ba ya wanke kowa. Amma sojan da ya shekara uku ba ya barci, shi ne gobe za ka tarar a shingen bincike da yatsa a kan kunamar bindiga, kai da iyalinka kuna cikin mota. Akwai kuma masu cewa yunwa ce matsalar, ba tunani ba. Su ma suna da tasu gaskiyar. Tsofaffin sojojin da muka gani sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, ba za ka zaunar da su ka ce su faɗi damuwarsu ba alhali kai ne damuwar. A biya su a kan lokaci. A kafa wa'adin zama a bakin daga a kuma mutunta shi. Duk bataliyar da ta fito daga daji a duba kowa da kowa, daga kwamanda zuwa kurtu, don kada a nuna wani da yatsa, a kuma tabbatar abin da soja ya faɗa wa likita ba zai bi shi cikin fayil ɗin ƙarin girma ba. Ranar 15 ga Janairu da ake ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, hukumomin soja su riƙa faɗa mana mutum nawa aka duba a shekarar, nawa aka yi wa magani.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa. Amma sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Addininmu ya haramta kisan kai, ba jayayya a nan. Tambayar ita ce, matar da ta tarar da mijinta da igiya a hannu, ina muke so ta kai shi? Muddin tana tsoron za a kira 'yan sanda, ɓoye shi za ta yi a ɗaki. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. A wurinmu wannan kundi dokar jiha ce, majalisun dokoki na Borno da Yobe da Zamfara da Katsina na da ikon gyara shi ba tare da sun jira Abuja ba, kuma kowannenmu ya san ɗan majalisar mazaɓarsa da inda gidansa yake.